Gwanin Taba Da Alƙalin Da Ya Ci Hanci

Wata rana da hunturu, bayan sallar la'asar, muna zaune a ƙofar gidan wani Alhaji maƙwabcinmu a Chikaji, sai ya aiki yaro cikin gida ya ɗauko wani ɗan akwatin katako. Alhajin nan ɗan kasuwa ne, bai daɗe da komowa daga ƙasashen waje ba. Da ya buɗe akwatin sai muka ga taba jere a ciki guda 25, kowace ta kusa taƙi guda, kaurinta kuwa kamar babban yatsa. Ba takarda a jikinta ko kaɗan, ganye ne zalla aka naɗe. Ya ce daga tsibirin Kyuba ta fito, can kusa da Amurka, Turawa na kiranta siga, kuma kuɗin guda ɗaya ya fi abin da lebura ke samu a mako. Sa'an nan ya ƙara da wata magana, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya ce, "Wannan ba irin tabar 'yan tasha ba ce. Wannan ta masu sani ce."

Tun ran nan na ke juya maganar a raina. Shin wanda ya iya rarrabe taba mai kyau da maras kyau, saninsa ya ɗaukaka shan da ya ke yi? Ko kuwa shi da ɗan tasha duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai shi ya zauna wajen da ke da kujera?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu ba abin haƙƙinsa, gama aikin da ke cikin tabar nan ba na wasa ba ne. A yammacin Kyuba akwai wata ƙasa mai suna Buwelta Abaho, ita ce ta yi suna wajen ganye. Ganyen da za a yi rigar waje da shi, a ƙarƙashin rumfar farin ƙyalle a ke nomansa, don kada rana ta sa shi kauri. In an tsinke sai a rataye shi cikin rumbu kamar wata ɗaya da rabi, har kore ya koma ja. Daga nan a tara shi tsibi tsibi a rufe, ya ɗauki zafi da kansa, kamar yadda mata ke rufe kalwa ta zama daddawa. Wani ganyen sai ya shekara biyu ko uku a ajiye kafin a taɓa shi. Mai naɗi kuma da hannu ya ke yi. Ya haɗa ganyen ciki, ya ɗaure da ganye na biyu, ya sa riga da na uku. In ya matse da yawa hayaƙi ba ya fita, in ya sassauta sai ta ci wuta kamar kara. Har wata al'ada gare su mai ban sha'awa, tun daga 1865 a kan ɗauki mutum guda ya zauna bisa kujera mai tsawo yana karanta wa masu naɗi jarida da littattafai suna aiki. Mu da muka koyi karatu mun san darajar wannan.

Mai sha kuwa, in gwani ne, ba ya kunna wa sai ya duba. Ya ga ko rigar ta yi sumul ba jijiya, ya latsa da yatsa ya ji ko akwai wurin da ya yi tauri ko rami, ya sansana. In ya kunna ya lura ko wutar na tafiya daidai ta kowane gefe, ko tokar na riƙe ba ta zubewa. Ba ya haɗiye hayaƙin, a baki ya ke juya shi ya fitar. Guda ɗaya ta kan ɗauki sa'a guda ko fiye. Duk wannan Alhaji ya bayyana mana, yana yi yana nunawa, kuma ban ga alamar ƙarya cikin saninsa ba.

To, a cikinmu akwai wani tsoho, wanda duk unguwa ke ce wa Baba. Kowa ya san Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe ma'aikatarsa a Zariya cikin 1959, kuma manoma da yawa a ƙasar Zazzau da ƙasar Sakkwato sun yi noman ganye suna sayar masa. Baba ya yi shekaru yana aikin duba ganyen nan, shi ne mai cewa wannan dami lamba ɗaya ne, wancan lamba uku. Alhaji ya miƙa masa guda. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya kai hanci, ya yi shiru. Can ya ce, "Wanda ya naɗa wannan ya san aikinsa. Amma Alhaji, ta fara bushewa. Iskar nan tamu ba za ta bar ta ba." Ya mayar.

Alhaji ya ce, "Haba Baba, kunna mana ka ji. Yaya za ka yaba abin da ba ka ɗanɗana ba?"

Baba ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, shekara talatin ina hukunta ganye, ban taɓa sa shi a baki ba. Ran da na fara sha, ran nan na zama alƙalin da ya ci tuwo a gidan mai ƙara."

Aka yi dariya aka bar maganar. Ni dai ban bar ta ba.

Ga yadda na ke gani. Tambaya biyu ce a ke iya yi game da kowane abin marmari. Ta fari, a cikin waɗannan wanne ya fi? Ta biyu, shin ya kamata in kusance shi ma? Gwaninta ta kan amsa ta fari, ta amsa da kyau kuwa. Amma ba ta da bakin magana a kan ta biyu. Wanda ya san takobi mai kyau, ya san ƙarfe, ya san wasawa, saninsa bai gaya masa ko ya halatta ya sari mutum ba. Abin da ke faruwa shi ne, in mutum ya ƙware ƙwarai wajen amsa ta fari, sai ya ji kamar ya riga ya amsa ta biyu. Yana ta shari'a tsakanin wannan ganye da wancan, har ya manta ba a taɓa gurfanar da ita tabar kanta ba.

Kuma maganar Baba ba ba'a ba ce kurum. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da a ke kira nikotin, shi ne ke kama jiki har mutum ya kasa bari. Ko ba a haɗiye hayaƙi ba, yana shiga jini ta fatar cikin baki. Watau duk sa'ad da gwani ya zauna zai yi hukunci, wanda a ke ƙara ya riga ya sa masa wani abu a aljihu. Irin wannan alƙali yana iya gaya maka gaskiya cewa ta Kyuba ta fi ta wani wuri, gama a nan ba abin da zai rasa. Amma tambaye shi ko a daina gaba ɗaya, ka ji yadda hujjoji za su yi ta fitowa daga bakinsa, kowace da rawaninta.

Babbar hujjarsu ita ce wadda Alhaji ya kawo, wai tsada da tsabta sun raba ta da sigari. Lalle ta fi sigari kyan aiki, amma ganye dai ganye ne, hayaƙi kuwa hayaƙi. Babba guda ɗaya tana iya ɗaukar taba kamar ta kwalin sigari sukutum. Likitoci sun tabbatar tana kawo ciwon daji, watau sankara, a baki da harshe da maƙogwaro, wuraren da gwani ke tsare hayaƙin don ya ji daɗinsa. Mutanen da suka ce taba ta bambanta da garin gero. Ba su ce sai mai araha ba.

Akwai wani shahararren likita a ƙasar Ostiriya, sunansa Sigmund Freud, wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda zuciyar ɗan Adam ke yaudarar mai ita. Ya kan sha irin tabar nan kamar 20 a yini. Cikin 1923 aka sami sankara a ganɗarsa. Aka yi masa aiki fiye da sau 30, aka cire wani sashe na muƙamuƙinsa aka sa na roba, duk da haka bai bari ba har kusan rasuwarsa a 1939. In da sani na ceton mutum daga abin da ya kama shi, da wannan ya tsira. Na san za a ce da ni, to, Winston Churchill fa, Firayim Ministan Ingila, wanda ba a cika ganinsa ba taba a baki ba, ai ya shekara 90 kafin ya rasu a 1965. Haka ne. A kowane gari akwai wanda ya faɗo daga kan giginya ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, amma ban ga uban da ya ce wa ɗansa ya je ya gwada ba. Fidel Castro ma, shugaban Kyuba ɗin kanta, wanda mafi kyawun naɗi a hannunsa ya ke, ya daina sha a 1985.

Ban shiga maganar halal da haram ba, wannan ta malamai ce, kuma sun daɗe suna yinta. Tun a 1607 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta cewa taba ta halatta don ba ta gusar da hankali, waɗansu malamai kuwa suka saɓa masa. Abin lura shi ne, a zamaninsa ba wanda ya san abin da ta ke yi wa jiki a ɓoye. A 1950 masana biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakar shan taba da sankarar huhu. Wanda ya yi hukunci kafin shaidu su iso yana da hanzari. Mu a gabanmu suka yi rantsuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa sanin daɗi laifi ne. Ko kusa. Wanda ke cin tuwo bai san ko an tuƙa shi da kyau ba, ya zalunci mai tuƙi. Wanda ya iya gane saƙa mai kyau, ko ɗinkin aska takwas na gaske, shi ne ke sa masu sana'a su ci gaba da ƙoƙari. In ba masu sani, da kowa ya yi aikin ganin dama. Ni kaina, tun da a ke faɗin gaskiya, ina da nawa akwatin. Ba na iya zama kan teburin ofis ban ɓare goro ba, kuma ina alfahari da cewa ko da ido rufe na san ɗan Gwanja. Da matata ta ce goron nan ne ke hana ni barci, kun san abin da na ce? Na ce ai nawa mai kyau ne. Sai da na rubuta maganar Alhaji a takarda na ji muryata a ciki.

Saura Baba. Na daɗe ina ganin shi ne ya fita tsab cikin maganar nan, ga sani, ga kame kai. Hukuncinsa kuwa amana ce ta gaske, gama manomi ya yi wata da watanni yana wahala, ya ɗauko daminsa, cin gidansa na shekara yana rataye a kan lambar da Baba zai faɗa. In ya rage masa ya ci haƙƙinsa, in ya ƙara masa ya ci na wanda ya ɗauke shi aiki. Mutanen da suka san shi sun ce bai taɓa karkata ba. Amma da na gaya masa haka wata rana muna komowa daga masallaci, bai yi murna ba. Ya ce, "Malam, na yi wa manomi adalci, na yi wa kamfani adalci. Wanda ban taɓa tunawa da shi ba shi ne mutum na uku, wanda zai kunna. Shi ba ya zuwa wurin awo." Ya ce da kuɗin aikin nan ya gina gidansa, ya sa 'ya'yansa makaranta, ba zai ce ya yi nadama ba don ba ya son ƙarya. Amma ba zai ce hannunsa fari ƙal ba ne. Ashe shi ma tambaya ta fari ya yi shekara talatin yana amsawa, ta biyu sai da ya tsufa ta same shi. Na rasa abin da zan ce masa, muka yi sallama a bakin layi.

Abin da ya faɗa game da iska kuwa ya tabbata. Irin tabar nan tana son danshi kamar kashi 70 cikin 100, hunturun Zariya kuwa leɓen mutum ma bai bari ba. Kafin mako uku rigunan waɗansu suka tsattsage. Alhaji ya aika Kano a nemo masa akwati na musamman mai riƙe laima, ya kuwa samu, har yanzu ya kan kunna guda ɗaya bayan sallar isha'i, yaransa na wasa a tsakar gida. Guda biyu da suka lalace ya ba Baba. Na tarar da shi a zaurensa ya yayyafa musu ruwa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, yana warware su a hankali ganye bayan ganye, yana so ya ga yadda mutumin Kyuba ya jera na ciki.