Kwana Biyu a Khartum

Ran 26 ga Janairu 1885 mayaƙan Mahadi Muhammad Ahmad suka ci birnin Khartum, aka kashe Janar Gordon, Baturen da ke tsare da garin. Jiragen ruwan da suka kawo gudunmawa ba su iso ba sai ran 28 ga wata. A Ingila aka yi ta cizon yatsa, ana cewa da sun yi sauri da labari ya sha bamban.

Wannan “da” ita ce jarin masu rubuta ƙagaggun labaran kimiyya, inda mutum kan shiga na'ura ya koma zamanin da ya wuce. Dabarunsu iri-iri ne. A wani labari da Ray Bradbury na Amurka ya wallafa a 1952, matafiyi ya taka malam-buɗe-littafi guda ɗaya a zamanin da, ya dawo ya tarar har sakamakon zaɓe ya canja. Waɗansu marubutan kan sa matafiyin ya gane shi da kansa ne sanadin abin da ya je hanawa. Waɗansu kuwa kan raba duniya biyu, kowace da nata tarihin.

Amma kafin dabara akwai tambaya: wace rana marubuci zai aika matafiyinsa ya gyara? Bature zai zaɓi 1885 don ya ceci mutum ɗaya. Mutumin Omdurman, a hayin kogin Nilu, zai zaɓi 2 ga Satumba 1898, ranar da bindigogin Kitchener suka kashe mabiya Mahadi wajen 10,000 a Karari. Ranar baƙin cikin wani ita ce ranar murnar wani. Ashe ranar da marubuci ya zaɓa tana nuna ran wa yake ɗauka da daraja, ran wa kuma bai ƙidaya ba.

Haka zuciyar ɗan Adam take. In ya tuna baya, cutar da aka yi masa yake so a shafe, ba safai yakan tuna wadda ya yi wa maƙwabcinsa ba. Hausawa suka ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Ba wanda aka ba ikon komawa jiya. Amma mai rai yana iya zuwa wurin wanda ya cuta yau, ya nemi gafara, ya biya hakkinsa, tun bai makara da kwana biyu ba.