Mai kai ɗauki da bindiga a hannu

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu ji tsoron Allah game da jini. Idan ɓarayin shanu suka afka wa maƙwabci a Madarunfa ko Gidan Rumji, agaza masa hakki ne bisa mai iko. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun ce a fara da gargaɗi, in akwai hali. Wanda ya yar da kayan ya gudu, ko aka riga aka ɗaure shi, hukuncinsa na alƙali ne. In muka harbe shi a nan, jandarma za su zo, su tambayi takardar izinin bindigar. Marar ita, ko ya ceci rai, yana iya kwana gidan kaso, gonarsa ba mai nomewa. Allah ya tsare mu.