Fenti: Gyara Ne Ko Rufa-Rufa?



Wani ɗan'uwa a nan Gulma ya gaji tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifinsa, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ya tambaye ni: ya maido mata farinta na asali, ko ya sake launi?

Na ce fari, shuɗi ko ruwan toka, duk halal ne. In don tunawa da Baba za ka riƙe ta, bar mata kamanninta.

Amma fa, me ke ƙarƙashin fentin? In an kankare tsatsa, an yi walda, sannan aka fesa, wannan gyara ne. In ko ruɓa aka lulluɓe don a kai ta Birnin Kebbi a sayar, ha'inci ne tsantsa.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa. Ya tsawata wa mai shi, don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba.

Mai sayen nan iyalinsa zai ɗauka a hanyar Argungu. Ka zaɓi launinka, amma ka faɗa masa aibin.

Allah Ya tsarkake mana cinikinmu.