Motar Da Aka Sauya Wa Ƙarfe: Ita Ce, Ko Wata Ce?

A Birtaniya da Jamus akwai mutanen da kan kwashe shekaru suna durƙushe a gareji, a bayan wata tsohuwar bas ƙirar Volkswagen da tsatsa ta gama da ita. Ba don haya suke gyaranta ba. Motar yawon shaƙatawa ce, mai gado da murhu da ɗan kabad a ciki, wadda iyali kan kwana a cikinta a bakin teku. Duk wanda ya san Legas ya san danginta, domin danfo na farko-farko wannan ƙirar ce. A Legas an more ta har ta mutu. A Turai da Amurka kuwa ta zama kayan tarihi, har an sayar da wata 'yar 1965 mai tagogi 21 a kan dala 302,500 a wani gwanjo a Amurka a 2017.

Asalinta wani zane ne da Ben Pon, dillalin Volkswagen a Holan, ya yi a ɗan littafinsa a 1947. An fara ƙera ta a Wolfsburg a watan Maris na 1950, aka mai da aikin Hanover a 1956, kuma tun 1951 kamfanin Westfalia ya fara sa mata kayan kwana. Mai gilashin gaba rabe biyu ta tsaya a Jamus a 1967, mai gilashi guda ta gaje ta har 1979. Burazil ce ta riƙe ta har ƙarshen 2013, sa'ad da sabuwar dokar kariyar fasinja ta fi ƙarfin tsohuwar ƙira. Ke nan duk wadda aka gani yau 'yar Jamus ta ba shekara arba'in baya.

A ɗakin injin ake gane gwani. Injin wannan mota a baya yake, kuma ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Fanka na zuƙo iska ta kafofin da ke gefen motar, ta hura ta a kan silinda huɗu, iskar ta fita ta ƙasa da zafinta. Tsakanin sama da ƙasa akwai shingen faifan ƙarfe da roba ta kewaye. In tsatsa ta huda shingen nan, ko mai gyara ya bar rata, injin zai riƙa shan iskar da ya amayar, ya ɗau zafi, wata rana ya buga a tsakiyar hanya. Ga tankin mai dab da shi; tiyo ɗaya ya tsage, sai gobara. A kusurwa kuma, bayan fitilar baya, nan batir ke zama. Ruwan batir na ɗiga, ruwan sama na shigowa ta kafar iska, ga gishirin da ake watsawa a titunan Birtaniya da hunturu don narkar da ƙanƙara. Bayan shekaru sai ƙarfen wurin ya koma kamar busasshen ganye, a taɓa shi da sukudireba ya zube.

Kafin mai gyara ya yanke komai sai ya tokare jikin motar da sandunan ƙarfe, don in ya cire ruɓaɓɓen wuri ba tokari, ƙofofi ba za su sake rufuwa daidai ba. Sannan ya ɗauko kwali ya shimfiɗa a wurin, ya yanka, ya gwada, ya rage, har kwalin ya zauna daram. Wannan surar zai zana a kan faifan ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya ko kusa da haka, ya yanke, ya lanƙwasa bakinsa, ya fitar masa da 'yan kwaruruka irin na asali, domin su ne ke hana faifan rawa. Masana'anta da ɗigon walda ta haɗa jikin motar, saboda haka sai ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya yana hudawa har tsohon ƙarfen ya saki. Waldar kanta aikin haƙuri ce: ɗigo nan, ɗigo can, a bari ya huce, don siririn ƙarfe in ya sha zafi murɗewa yake. Daga nan a gurje, a shafa maganin tsatsa, a toshe haɗin, a yi fenti. In aikin ya yi kyau, ko wanda ya yi shi sai ya lalubo kafin ya gane inda tsoho ya ƙare, sabo ya fara.

To a nan gizo ke saƙa. Yau mazaunin batir, gobe kusurwar baya, jibi daɓen ciki, gata ƙofa da gaban mota. Akwai kamfanonin da ke buga kusan kowane faifai na wannan mota sabo fil. Injin ma sau da yawa an riga an sauya shi tun zamanin mai ita na biyu ko na uku. Ranar da aka gama, motar na walƙiya, mai ita na bugun ƙirji yana cewa 'yar 1972 ce. Amma in rabin ƙarfenta bara aka narka shi, me ya sa ta zama 'yar 1972? Abin ban dariyar ma, lambar shasi a ƙarfen ɗakin injin aka buga ta, a unguwar da tsatsa ta fi so.

Tambayar ta girmi mota da ƙarnoni masu yawa. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan jaruminsu Theseus, wanda mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin na nan ko ya tafi. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa wutar fetur: a ɗauka wani ya bi yana tsince tsofaffin katakan, ya harhaɗa su ya tayar da jirgi. Yanzu jirgi biyu ke nan, wanne ne na Theseus? A duniyar tsofaffin motoci wannan ba tatsuniya ba ce. An sha samun motocin tsere biyu kowacce na iƙirarin lamba ɗaya, ɗaya ta gaji shasi, ɗaya ta gaji injin da tarkace.

Hukuma ba ta da lokacin falsafa, sai ta koma lissafi. Shekaru da yawa hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, ta yi aiki da tsarin maki ga motar da aka yi wa gagarumin sauyi. Shasi ko gangar jiki na asali maki 5 ne. Sitiyari 2, giya 2, ƙarafan da ke ɗauke da tayoyi 2, shokozoba da danginta 2. Injin kuwa, wanda direba ke ɗauka shi ne ran mota, maki 1 tak. A lokacin, sai mota ta haɗa 8, biyar daga ciki na shasi, kafin ta riƙe tsohuwar lambarta. In ba haka ba a ba ta lamba mai farawa da harafin Q, alamar cewa asalinta na da shakku. Tsarin ya yi wa ma'aikacin ofis daidai, amma bai amsa tambayar ba. Me ya sa takwas, ba bakwai ba?

Kotu ta fi kusantar gaskiya. A 1990 Babbar Kotun Landan ta saurari shari'ar wata Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci tseren Le Mans a 1929 da 1930. An yi cinikinta fam miliyan 10, sai kamfanin Middlebridge, mai saye, ya janye, ya ce wannan ba ita ce motar da ta ci tseren ba, domin an sake gina ta, kuma a 1932 ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands wanda ya kashe direbanta Clive Dunfee, aka sake gina ta. Mai shari'a Otton ya yarda cewa abin da ya rage daga motar 1929 kaɗan ne. Duk da haka ya ba mai sayarwa, Edward Hubbard, gaskiya, bisa hujjar cewa tarihin motar bai taɓa yankewa ba: ba ranar da ta daina wanzuwa, kuma babu wata motar da ke da haƙƙin sunan fiye da ita.

Malaman Musulunci sun ci karo da irin wannan tambaya a fagen da ya fi mota nauyi nesa ba kusa ba, wato tashin alƙiyama. Masu falsafa irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun kawo shubuha: jiki ya ruɓe ya zama ƙasa, ƙasa ta zama tsiro, wani ya ci, ya zama naman jikinsa. Ranar tashi, wa za a mayar wa wannan ƙwayar? Wasu malaman tauhidi suka ce kowane mutum na da sassa na asali da ke tare da shi daga farkon rayuwa zuwa ƙarshenta, su za a tara. Akwai kuma hadisi a Buhari da Muslim da ke nuna cewa ƙasa na cinye jikin ɗan Adam in ban da ɗan ƙashin ƙarshen gadon baya, daga shi za a sake halitta. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa musun tashin jikkuna cikin mas'aloli uku da ya kafirta masu falsafa a kansu a littafinsa Tahafutul Falasifa. Daga cikin amsoshin da ya ba su har da cewa sassan jikin mutum suna ta sauyawa tun yana yaro har ya tsufa, da ƙiba da rama, amma ba wanda ke shakkar cewa shi ne dai; abin da ya sa ya zama shi ruhinsa ne.

Amsar ta gamsar a kan mutum, sai dai ta bar mota a rana, domin mota ba ta da ruhi. Ba ta da wuri guda kuma. Ka'aba (ba ana haɗa darajarta da komai ba ne, hanyar tunanin kawai ake dubawa) Ƙuraishawa sun sake gina ta Annabi (SAW) na da shekara 35, Abdullahi bin Zubair ya sake, Hajjaj ya yi mata sauyi, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Murad na huɗu ya sake ginin bayan ambaliyar 1630. Ba Musulmin da ya taɓa cewa alƙibla ta sauya, domin hurumin na wurin ne, duwatsu na zuwa suna tafiya. Ita kuwa mota an yi ta ne don kada ta zauna wuri ɗaya.

In aka cire ruhi, aka cire wuri, abin da ya rage wa bas ɗin shi ne abin da alƙalin Landan ya kama: silsila. Wannan kuwa almajiran hadisi sun san darajarsa fiye da kowa, tunda da shi suke rarrabe ingantacce da ƙagagge. Motar da aka yi wa faci bisa faci, kowane sabon faifai aka haɗa shi da jikin da ke tsaye, ita ce dai, ko da tsohon ƙarfen da ya rage bai cika buhu ba. Wadda kuwa aka yanko ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lamba aka manna wa wata gangar jiki, jabu ce, ko da duk ƙarfenta na 1972 ne. Bambancin ba ya ganuwa a fenti. A bakin mai ita yake, da takardunsa.

Shi ya sa tambayar da ta faro a falsafa take ƙarewa a babin ciniki. A fiƙihu ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye na da zaɓin mayar da ita in aibin ya bayyana. Sananne ne labarin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da abinci da ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, Annabi (SAW) ya sa hannu ya gano, ya tsawata masa. Masu sayen tsofaffin bas a Turai kan zo da ɗan maganaɗisu a aljihu saboda wannan cuta. Su bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa sun san fila aka cusa a kan rami aka bi da fenti. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, a yarjejeniyarta ta Turin da ta fara aiki a 2013, ta nemi a rubuta duk aikin da aka yi wa mota, a kuma bar hanyar gane sabon sashe daga tsoho. Tun 1964 Yarjejeniyar Venice ta gindaya irin wannan sharaɗi ga masu gyaran gine-ginen tarihi.

Akwai masu tsaurin ra'ayi da ke cewa a bar mota da tsatsarta da koɗaɗɗen fentinta, wai asali sau ɗaya ake samunsa. A kan fenti da kujeru suna da hujja. A ɗakin injin kuwa ba su da ita, domin ramin da ke kusa da batir da tiyon mai ba tarihi ba ne, haɗari ne ga yaran da za su kwana a saman injin ɗin.

Saboda haka mai gyara ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ba tare da jin ya ci amanar tarihi ba. Abin da ake binsa shi ne ya ɗauki hoton wurin kafin ya yanke, ya ɗauka bayan ya yi walda tun fenti bai rufe ba, ya ajiye rasit, kuma in tsatsa ta kai ga lambar shasi ya sanar da hukuma kafin ya taɓa ta. Ranar sayarwa ya miƙa fayil ɗin tare da makulli. Mai saye kuma, a Landan yake ko a Panteka ta Kaduna, kada ya biya kuɗin tsohuwar mota sai ya ga fayil ɗin, ya kuma leƙa ƙarƙashin batir da tocila.