Shin Lokacin Mutum Nasa Ne Shi Kaɗai?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya kamata in baje ta a wannan fili namu, ko 'yan'uwa ɗalibai za su taya ni warware ta. Tambayar ita ce: idan aka ba mutum albashi mai tsoka don a sayi lokacinsa, shin lokacin nan nasa ne shi kaɗai, har da zai sayar ba tare da ya tauye haƙƙin kowa ba?

Ga abin da ya jawo maganar. Yayana da abokansa biyu, dukansu 'yan Sabon Garin Gusau, sun karanta ilmin kwamfuta tare, amma da aka gama sai kowa ya kama gabansa. Na farko ya sami aikin gwamnati, yana kula da na'urorin wani ofis. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, sai dai ƙarfe huɗu na yi ya tashi, ga kuma fansho yana jiransa. Na biyu ya tafi Ikko, wani banki ya ɗauke shi. Yana samun ninkin na farko sau da yawa, amma kuɗin haya da na mota suna lashe rabi, gida kuwa sai shekara-shekara, shi ma da fargabar hanyar Funtuwa zuwa Tsafe. Yaya shi bai je ko'ina ba. Yana zaune a ɗakinsa na zaure yana rubuta manhaja ga wani kamfani da ke Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ana biyansa da dala. An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, to ga shi zamani ya kawo mu inda yake kamuwa.

Kada mai karatu ya raina kuɗin. Kafin a sakar wa naira mara a watan Yuni na 1923 na ƙarnin da ba mu gani ba, a'a, na 2023 da muka gani da idonmu, ana sayar da dala wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. A shekarar nan ne aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Watau a lokacin, mai karɓar dala dubu ɗaya a wata ya ninka ƙaramin ma'aikaci fiye da sau ashirin. Da kuɗin nan aka sake rufin gidanmu, da su ake sayen maganin Inna, da su kuma aka biya mini kuɗin makaranta. Na faɗi haka ne don a san mai wannan rubutu ba ɗan kallo ba ne.

To ina aibin? Aibin yana ga agogo. Sa'ad da ƙarfe tara na safe ta yi a Kalifoniya, a Gusau biyar ko shida na yamma ke nan, sa'ad da suka tashi aiki kuwa, mu nan ɗaya ko biyu na dare ta yi. Saboda haka Yaya ya mai da dare rana. Raɗin suna da sassafe ake yi, yana barci. Hirar dandali bayan isha'i ake yi, yana gaban na'ura. Ran da mijin gwaggonmu ya rasu a Bunguɗu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, aka yi jana'iza da hantsi ba shi, ya aika da kuɗi masu kauri. Gwaggo ta karɓa ta yi godiya, sa'an nan ta tambayi Inna, "Yaya, ashe yaron nan ya yi tafiya ne?" Inna ta rasa ta cewa, don yana gida.

Neman abinci nesa da gida ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun yi ci-rani, ita kanta Sabon Gari baƙi ne suka raya ta, waɗanda suka biyo hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Amma ɗan ci-rani kowa ya ga fitarsa, kowa ya yi masa uzuri, in damina ta faɗi ya dawo da jikinsa da hankalinsa. Abokin Yaya na Ikko yana cikin wannan sahu. Wanda al'ada ba ta tanadar wa suna ba shi ne mutumin da takalmansa ke ƙofar ɗaki, alhali ransa yana wata nahiya. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Bai ce a aljihu take ba, ko da yake ya san amfanin aljihu sarai.

Shi ma Yaya yana da tasa hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Ya ce abin da yake yi ƙwadago ne, ba aiki ba: babu fansho, babu garatuti, ana iya sallamarsa da wasiƙa guda. Gaskiyarsa. Kamfanin Andela, wanda ya yi suna wajen horar da samarin Afirka a wannan fanni, ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a 2019, kamfanin da ya mallaki Facebook kuwa ya sallami 11,000 a Nuwamban 2022. Mu a Zamfara har da ƙarin wata barazana. A Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda 'yan bindiga, tilas Yaya ya kwashi na'urarsa ya koma Zariya har aka buɗe na Gusau a farkon Oktoba. Don haka ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, a bar shi ya tara na shekara biyar, sa'an nan ya dawo cikin mutane.

A nan ne muka rabu. Lissafin nan nasa ya ɗauka cewa mutanen za su tsaya cak su jira shi. Naira takan jira a banki, har ta rage daraja tana jira, amma Inna ta haura sittin, 'yarsa kuma da ke rarrafe yau, nan da shekara biyar tana firamare. A nawa ɗan tunani, cikin sa'o'in kowane mutum akwai rabon iyaye, da na iyali, da na maƙwabci, tun kafin wani kamfani ya zo taye. Wanda ya sayar da su duka ya haɗa da kayan wasu, ko da kuwa su ya kashe wa kuɗin. Abin sha'awa ne a ce harshenmu kalma ɗaya yake da ita, lada, ga abin da ake biyan ma'aikaci da kuma abin da ake samu wajen gaida mara lafiya. Yaya yana tara na farkon ne da kuɗin na biyun.

Ban ce ya koma ofis ya rungumi ƙaramin albashi ba, don wannan ma zalunci ne ga masu ci daga hannunsa. Shawarar da na kai masa ita ce ya nemi kamfanin Ingila ko Jamus, inda bambancin agogonmu da nasu bai wuce awa guda ba, ko da kuɗin bai kai na yanzu ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ƙanena, na ji. In albashin ya ragu, wa za mu fara cirewa, maganin Inna ko kuɗin makarantarka?" Yana faɗin haka ya duba agogo, biyar saura kwata, ya tashi ya shiga ɗaki.