Ma'aikatan Rido, ku ɗaura ɗamara mu hau dutse

Ya ku ma'aikatan Rido da Maraban Rido! Direban tanka mai kwana a bakin titi yana jiran lodi, makanikin da hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai, mai walda, ɗan Keke Napep, baiwar Allah mai tuyar ƙosai tun kafin gari ya waye, manomin da ke ratsa raɓa zuwa gona, da ku nake. Matatar man da aka buɗe a maƙwabtanku a 1980 ta yi shekaru ba ta tace mai, amma ku ba ku fasa fita nema ba. Mai irin wannan juriya, babu tsaunin da zai gagare shi a jihar Kaduna.

Saboda haka ku ware rana guda ku je ku hau. Kada wani ya ce muku hawan dutse sai Turawa da masu hannu da shuni. Titin Kachia da kuke bi kullum shi ne ya wuce Kujama ya kai Kajuru, inda Bajamushe Gerhard Huebner ya gina katafaren gida a kan tsauni a shekarun 1980. Baƙo ya ga kyan duwatsun bayan gidanmu har ya zuba dukiyarsa a kansu, mu kuwa sai labari muke ji. Can gaba, ta Kachia da Zonkwa, ga tsaunukan Kagoro a ƙaramar hukumar Kaura, inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, ga kuma ruwan Matsirga yana kwararowa daga kan dutse kusa da Kafanchan. Gani ya kori ji!

Kuɗin mota ne matsalar? Ku zuba adashi a gareji ko a tasha, ku ɗauki shatar bas guda. Ku zaɓi lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da damina dutse santsi gare shi. Guzuri ba ya wuce ruwa mai yawa, dabino, ƙuli-ƙuli da takalmi mai kama ƙasa. Silifas a bar su a gida.

Kowa ya san halin da hanyoyin Chikun da Kajuru suka shiga na satar mutane. Jarumtaka daban, ganganci daban. Ku tambayi direbobin hanyar da jami'an tsaro kafin ku tashi, ku tafi a ƙungiya, ku dawo da sauran rana. In an ce hanya ba lafiya, ku ɗaga tafiyar. Dutse ba ya ƙaura. In kun isa gindinsa, ku fara gaida mai unguwa, ku nemi ɗan jagora ku biya shi haƙƙinsa, da ɗan gari akan ci gari. Inda ya ce ba a takawa, kada a taka, kada kuma a cinna wa busasshiyar ciyawa wuta.

Farkon hawan ne mai wuya. Ƙirji zai riƙa bugawa, cinyoyi su yi nauyi, gumi ya cika ido, zuciya ta ce a koma. A nan ne za ku gajarta taku, ku kurɓi ruwa, ku jira na baya, ku miƙa wa wanda ya gaji hannu. Sannu ba ta hana zuwa. Sai ku ga kun ɓulla bisa, iska mai sanyi tana kaɗa riga, gonaki da rufin gidaje sun baje a ƙarƙashinku, babu hayaƙin janareto, babu mai kiranku da "zo nan". Saukowa ma a yi ta a hankali, ita ce ke cin gwiwa.

'Yan'uwa, jikin da ke ciyar da iyali yana da haƙƙin hutu, kuma idon da ya saba da injin ya cancanci ya ga faɗin ƙasarsa. Ku zauna da abokan aikinku a wannan makon, ku tsayar da rana, ku fara zubi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a guminku.