Tela da Kofin Sukari

Saura kwana goma Sallah, wani matashin tela a Fagge ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa. Da an sha ruwa zai hau keke, ba ya sauka sai sahur. Abin da ke riƙe shi kuwa lemon kwalba mai sanyi ne, da lemon nan na ƙarin kuzari mai sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin goro da kofi. In ya kwanta bayan asuba barci ya ƙi zuwa, zuciya sai dukan uku-uku.

Wani dare hannunsa ya yi rawa, almakashi ya zarce, ya ɓata shadda mai tsada. Kuɗin da ya tara na Sallah ya tafi wajen biya.

Washegari ya je shan ruwa gidan gwaggonsa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da gorar lemo a hannu. Ta dubi jajayen idanunsa, ta saurari labarin shadda, ba ta yi masa faɗa ba. Sai ta ɗauko kofi da gwangwanin sukari, ta riƙa zubawa da ƙaramin cokali tana ƙirgawa har 13, ta tura masa.

"Bismillah, cinye."

"Haba Gwaggo, wa zai iya cin wannan?"

"Kai mana, ɗan nan. Kusan abin da ke cikin gorar rabin lita irin ta hannunka ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Kai gora nawa kake sha a dare?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kuzarin nan bashi ne," in ji ta. "Kafeyin ba ya kashe gajiya, rufe ta yake yi. Bayan awa 5 ma kusan rabinsa na nan a jininka, shi ya sa kake juyi a katifa."

Ta ɗora tukunya, ta daddaka citta, ta jefa kanumfari uku, ta tsinko na'a-na'a daga tsohon bahon da take shukawa a bayan ɗaki, inda ba ta sa komai sai takin tumaki, feshi bai taɓa kusantarsa ba. Da ruwan ya tafasa ta matsa lemon tsami.

Ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Ba zaƙi, Gwaggo."

"Harshenka ne ya saba. Sa ɗan zuma yau, gobe ka rage. Kada kuma ka je wajen mai shayi ya cika maka sukari da madara ka ce ka sauya hali. Kuma ka sani, wannan ba zai hana ka barci ba. In ya zo, kwanta."

Kwanakin farko ya sha ciwon kai, kamar yadda ta gargaɗe shi tun da fari, domin jiki yana neman abin da aka saba masa. Sau ɗaya ma ya sayi lemon ya sha. Amma ya ci gaba da zuwa shago da fulas ɗin shayin citta, wani lokaci zoɓo mai ɗumi, har yaran shagonsa suka fara miƙo kofunansu.

Da Babbar Sallah ta matso, wani abokin ciniki ya kawo masa kaya kala shida ana saura mako guda. Ya duba littafinsa, ya ce: "Alhaji, biyu zan iya. Ƙarfe goma sha ɗaya nake rufe shago yanzu."